Yarona yana danne ƙifta ido a makaranta amma a gida ya saki, da gangan ne?

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce yaronki ɗan shekara 8 ya fi shekara yana ƙifta ido da ɗaga kafaɗa da gyaran murya, a Islamiyya malam bai gani amma da ya dawo gida sai abin ya ɓarke.

Wallahi ba iya shege ba ne, don Allah kada a buge shi. Likitoci suna ce ma wanga abu tik, kuma yara suna iya danne shi na ɗan lokaci kamar yadda kike riƙe tari cikin sallah, sai dai wani matsi yana taruwa a jiki har ya saki, ga gajiya, ga hankalinsa ya rabu biyu yana karatu yana dannewa. Gida ne inda ya sake shi yasa kike gani. Gajiya, rashin barci da tsawa duk ƙara shi suke, yawan "bari mana!" ma haka.

Yakan fi tsanani tsakanin shekara 10 zuwa 12, da yawansu yana raguwa in sun tasa. Tunda abin ya wuce shekara ki kai shi wajen likitan yara a UDUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato) ko ki kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, akwai horon da ake koya ma yaro ya gane zuwan matsin ya musanya motsin da wani. Ki kuma yi ma malaminsa bayani, yara na tsokana sosai.