Rasit ya ƙi fitowa daga tsohon furogiram na DOS

Malam, in na gane, furogiram ɗin lissafinku na DOS (tsohon tsarin kwamfuta na kafin Windows) yana kan kwamfutar Jidda, kai kana shago a Makka kana shiga ta Remote Desktop (hanyar amfani da kwamfuta daga nesa), amma firintarka ta yi shiru. Ai shi furogiram ɗin LPT1 (tsohuwar kafar jona firinta) kawai ya sani, bai san USB ba. DOSBox na asali, wato furogiram ɗin da ke kunna tsofaffin furogiram na DOS a kwamfutar zamani, ba ya buga takarda, koma vDos ko DOSBox-X, su ne ke kama abin da furogiram ɗin lissafin ya tura wa firinta. Sannan kafin ka shiga ta Remote Desktop, buɗe sashensa na Local Resources ka sa alama a Printers, nan mutane ke mantawa wallahi. In Larabcin ya fito a hargitse, matsalar lambar tsarin haruffa ce, ta Larabci ita ce 720 ko 864, wannan kam kira mai gyaranku, kuma kar a taɓa komai sai an kwafe fayilolin lissafin a filash.