Dokin tagulla mai sa hannun P.J. Mêne: na asali ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sunan P.J. Mêne da ke jikin dokin da ake tallata maka ya isa shaida. Bai isa ba sam. Mêne, Bafaranshe mai ƙera mutum-mutumin dabbobi, ya rasu a 1879, kuma tun daga lokacin ake ta zuba kwafin dawakinsa da karnukansa, sunan na fitowa tare da zubin.

Fara da ƙarfen. Ɗaga shi ka ji nauyi, sannan ka ɗan kankare wani lungu a ƙarƙashin gindin. In ya nuna ja-ja ko ruwan zinariya, tagulla ce. In fari-fari ne kamar azurfa, tutiya ce aka shafa wa launi, kuma kuɗinta bai kai ko kusa ba.

Inda na fi so ka daɗe shi ne aikin hannu. Zubin zamanin Mêne, bayan an fitar da shi, sai a bi shi da kurfi a gyara gashin geza silli-silli, jijiyoyin ƙafa su fito, ramin hanci ya yi zurfi. Wanda aka kwafa daga wani mutum-mutumin kuwa komai nasa a dushe yake, kamar sabulun da ya sha ruwa. Yakan ma ɗan fi na asali ƙanƙanta, domin tagulla na tsukewa idan ta huce, don haka auna tsawonsa ka gwada da ma'aunin da gidajen gwanjo ke bayarwa.

Don Allah kada ka goge shi da man goge ƙarfe. Wannan duhun launin da ya hau kansa yana cikin darajarsa. Ƙyalle mai laushi ya wadatar. Turo mana hoton ƙarƙashinsa da na sa hannun mu duba.