Yarjejeniyar duniya za ta iya soke al'adarmu ta aure da gado?

Malam, tambayarka ita ce ko yarjejeniyoyin haƙƙin ɗan Adam da Nijar ta sa wa hannu za su iya soke yadda muke aure da rabon gado a Damagaram. A'a, ba haka kawai ba. Yarjejeniya ba ta ɗaure ƙasa sai ta amince da ita, kuma tana iya amincewa ta ce ban da sashe kaza. Haka Nijar ta yi a 1999 da yarjejeniyar kawar da wariya ga mata ta 1979: ta shiga, amma ta keɓe wasu sassa da suka shafi aure da zaman iyali. Ita kuwa ta Maputo ta 2003, wato yarjejeniyar ƙasashen Afirka kan haƙƙin mata, majalisar dokoki ta ƙi ta a 2006.

Sai dai akwai iyaka. Na sha zama a kotu ana shari'ar gado: alƙali na zaune, masu ba shi shawara kan al'ada na gefensa, ana lissafin gona da awaki bisa abin da dangi suka saba. Dokarmu ta yarda da wannan, muddin bai saɓa wa yarjejeniyar da ƙasa ta amince da ita ba. Bauta kam babu al'adar da ke kare ta. A 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana shekara 12 aka mayar wahaya, wato baiwar da ake riƙewa kamar mata ta biyar, ta sa a biya ta diyyar sefa miliyan 10.