Amsa: Ƙoƙon gwiwata ya goce, an mayar, yaushe zan fara gashi?

Ɗan'uwa, sannu da jiki. Ka ce wurin ƙwallo ya goce, an mayar a asibiti, kana tambayar abin da ya rage.

Kusan kullum ƙoƙon gefen waje yake zamewa, ya yaga jijiyar da ke riƙe shi ta ciki. Shi ya sa ake yin hoto, wani lokaci har MRI (hoton da ke nuna jijiyoyi da guringuntsi), don a duba ko ɓallin ƙashi ko guringuntsi ya faɗa cikin gaɓar.

Kwana 2 zuwa 3 na farko, naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20 duk bayan awa 3, ƙafar kan matashi. Kada a murza ko a ja, ko da mai ɗori ne, jijiyar ƙara yagewa take yi.

Gashi kuwa, wato motsa ƙafa don ƙarfafa ta, da wuri ake farawa, don naman cinya saurin motsewa gare shi. Miƙe ƙafa, danna bayan gwiwa ƙasa har cinya ta ɗaure, riƙe daƙiƙa 5, sau 10, sau 3 a rana. In wannan ya zauna, ɗaga ƙafar a miƙe, sannan jawo diddige zuwa gare ka a hankali. Kada a manta ƙugu: in ya yi rauni gwiwa na faɗawa ciki, ƙoƙon ya sake zamewa.

Tsuguno da durƙuso a dakata, salla a kan kujera tukuna. Ƙwallo sai wajen wata 3 ko fiye, in ƙarfin ƙafafun ya zo ɗaya. In gwiwar na maƙalewa ko ta sake gocewa, koma wurin likitan ƙashi, ƙila sai tiyata.