Tambaya da Amsa: Ina son mayar da injin ƙaramar sukutata na tsere, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Ina da Yamaha Jog ƴar Kwatano mai 50cc, irin mai shan tuti. Wani bakanike ya ce in sa mata bulo da fistin na 70cc, in huda salansa, in cire abin tace iska, shi ke nan za ta tashi sama. Na ga a bidiyo ƴan Italiya na tsere da irin wannan ɗan babur kamar an harba kibiya. Me suke sa masa?
Daga wani mai karatu a Kano

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, cikin shawarwari ukun nan ɗaya ce kaɗai ta kama hanya, wato bulon 70cc. Huda salansa ƙara kawai zai ba ka, ƙarfi kuwa raguwa zai yi. Cire abin tace iska a garin da ƙura ke tashi kamar Kano kuwa, ka gayyaci yashi ne ya zo ya cinye ringi da boris.

Ka fara leƙa injin naka. In silindarsa a kwance take tana kallon tayar gaba, ka yi sa'a, domin tsarinsa ɗaya ne da injin Minarelli na Italiya da ke cikin Yamaha Aerox, kuma shi da injin Piaggio Zip su ne aka fi ƙera wa kayan tsere. Malossi da Polini na Italiya da Stage6 na Jamus duk suna yi musu kaya, har Malossi da Polini na da gasar tseren sukuta ta kansu. Faɗin fistin na asali milimita 40 ne, tafiyarsa sama da ƙasa milimita 39.2. In aka sa mai faɗin 47.6 sai injin ya koma kusan 70cc. Na kamfani bai wuce ƙarfin doki huɗu zuwa biyar ba, waɗanda ka gani a bidiyo kuwa suna haura ashirin, suna juyi wajen 13,000 a minti. Ka ga girman silinda ko rabi bai ƙaru ba, amma ƙarfi ya ninka huɗu. Ke nan ba a girman fistin maganar take ba.

Maganar tana cikin salansa. Injin bugu biyu, wato mai shan tuti irin naka, ba shi da bawul a saman silinda irin na mota. Ƙofofi ne a jikin silinda, fistin ke buɗe su yana rufewa, kuma akwai lokacin da ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi duk a buɗe suke tare, sai wani kaso na sabon mai ya bi hayaƙi ya fice. Salansar tsere, mai tumbin nan kamar tulu, ita ke maganin wannan ɓarnar. Da ƙofar hayaƙi ta buɗe, igiyar matsi kan fita da gudun sauti. Inda bututun ke buɗewa, sai ya mayar da zuƙa baya, ta janye hayaƙi ta jawo sabon mai har ya malalo cikin bututun. Inda ya sake tsukewa kuma, igiyar kan bugi bango ta dawo, ta tura man da ya malalo cikin silinda daidai lokacin da fistin ke shirin rufe ƙofa. Ɗura ce ake yi wa injin ba tare da wata na'ura ba. Injiniya Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas shi ya ƙware a wannan dabara a shekarun 1950. Direbansa Ernst Degner ya tsere zuwa Yamma a 1961 ya koma Suzuki, a 1962 kuma ya ci kambun duniya na ajin 50cc. Abin da aka yi gudun hijira da shi ke nan bakanikenka ke cewa ka huda.

Sai dai igiyar nan tana da lokacinta. Tsawon bututu shi ke yanke a wane juyi za ta dawo daidai. Gajeriyar salansa ta juyi mai yawa ce, doguwa ta juyi kaɗan. Ƙofofin silinda ma haka: ana auna tsawon lokacin da suke a buɗe da digiri na zagayen kiranshaf. Silindar tsere kan bar ƙofar hayaƙi a buɗe wajen digiri 190 ko fiye, matsakaiciya kuwa ƙasa da haka. In ka haɗa silindar da ke son juyi 13,000 da salansar da ke waƙa a 9,000, auren dole ka ɗaura, kullum sai faɗa. Shi ya sa nake ce wa masu farawa su sayi silinda da salansa na aji ɗaya. Kuma kada ka yarda kowa ya sa maka dutsen guga a ƙofofin sabuwar silinda da sunan gyara, ƙarfen da aka goge ba ya dawowa.

Ni a ganina kada ka fara da ajin ƙoli. Jog ɗinka fanka ke sanyaya ta, ba lagireto ba, kuma a watan Afrilu zafin Kano na haura digiri 40. Injinan da ke ba da doki ashirin masu ruwa ne, ana kwance su a kai a kai ana canja ringi da fistin. Silindar alminiyam ta matsakaicin aji, da za ta ba ka doki goma zuwa sha biyu, ta ishe ka koyon sana'ar, kuma ta ishe ka jin tsoro.

Ƙasan injin ba ya son rowa. Kiranshaf na kamfani ba a yi shi don wannan juyin ba, ka sa na tsere da sababbin boris da robobin toshe mai. Ka duba kaurin fil ɗin fistin, akwai mai milimita 10 akwai mai 12, kada ka yi odar abin da ba zai shiga ba. Bayan an ɗaure injin, kafin a zuba ko ɗigon fetur, sai gwajin yoyon iska. A toshe bakin kafireta da na salansa, a hura iska kamar fam shida, a zuba wa agogon auna iskar ido na minti biyar. In allura ta sauka, ka kaɗa ruwan omo ka shafa a duk mahaɗa, inda kumfa ta kumbura nan ɓarawon yake. Injin da ke satar iska zai yi ta ƙonewa ko da wane jet (ɗan noti mai rami da ke auna mai a kafireta) ka sa, kai kuma kana ta zagin mai sayar da fistin.

Akwai kuma tazarar da ke tsakanin gefen kan fistin da murfin silinda idan fistin ya kai ƙoli. Ga yadda ake auna ta: ka samo wayar dalma ta masu gyaran rediyo, ka lanƙwasa ta, ka zura ta ramin fulogi har bakinta ya taɓa bangon silinda a saitin fil, sannan ka juya injin da hannu. Za ka ji ɗan tauri lokacin da fistin ya matse ta. Zaro ka auna inda ta baje. A injinan 70cc na tsere yawanci tsakanin milimita 0.5 ne da 0.7, amma takardar da ta zo da silindar ita ce alƙali. In ta yi yawa ka rasa ƙarfi, in ta yi kaɗan fistin ya gaisa da murfi. Da kaurin gasket ake daidaita ta.

Kafireta mai baki milimita 19 ko 21, irin Dell'Orto PHBG, ta wadatar da ajin da na ce. Ka fara da babban jet kana saukowa kaɗan kaɗan, kana duba fulogi bayan kowane gudu. Launin shayi da madara shi ake nema. Baƙi ƙirin mai ya yi yawa, fari fat kuwa kashe injin nan take. A nan na taɓa shan kashi. Na saita wani injin ana tsakiyar bazara, yana tafiya lafiya lau har damina ta wuce. Wata safiya cikin hunturu na buɗe masa wuta, ban yi nisa ba tayar baya ta ƙage, da ƙyar na sha. Da na buɗe, gefen fistin ta wajen ƙofar hayaƙi ya narke ya manne da silinda. Iskar sanyi ta fi ta zafi nauyi, jet ɗin bazara ya yi wa injin kaɗan. Tun daga ranar, in sanyi ya shigo jet nake fara ƙarawa.

Famfon tuti na kamfani masu tsere cire shi suke yi, su haɗa mai a jarka. Mililita 20 zuwa 30 na tuti mai kyau a kowace lita, da sirinji, ba da murfin gora ba. Fetur ɗin bakin titi da ba ka san me aka gauraya masa ba, ka bar wa janareta.

Saura inda mafi yawan mutane ke faɗuwa, wato akwatin bel. Sukuta ba ta da giyar hannu, aikin fuli da bel shi ne su riƙe injin a juyin da salansa ke aiki yayin da gudu ke ƙaruwa. Ƴan rololin da ke cikin fulin gaba su ke yanke wannan: marasa nauyi na ɗaga juyi, masu nauyi na sauke shi, kuma rabin giram ma kana jin bambancinsa. In ka sa salansar tsere ka bar rololin kamfani, babur zai yi ta nishi, har wanda ba a taɓa ba ya wuce ka. Kulochi ma sai an sa masa sifirin masu tauri don kada ya kama kafin injin ya shiga ƙarfinsa. Ka sayi ɗan agogon auna juyi, ka riƙe littafi, kuma ka riƙa canja abu ɗaya a kowane gwaji. In ka canja biyu ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Birki da taya kuwa, an yi su ne don gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa. In birkin gaba ba mai faifai ba ne, ka ware kuɗinsa kafin na silinda. Gwaji kuma a rufaffen fili ake yi da hular kwano da safar hannu, ba a titin Zariya tsakanin ƴan adaidaita ba.

Kafin ka yi odar komai, kwance injin ka duba ko silindar kwance take, ka auna fil ɗin fistin, ka riƙe hannun kiranshaf ka ja shi sama da ƙasa ka ji ko yana da wasa. Aiko min da abin da ka gani, sai mu zaɓi silinda da salansar da za su zauna lafiya da juna.