Inji ya cinye min yatsu biyu, ina da haƙƙin diyya?

Malam, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce kamfanin ya biya kuɗin ɗinkin raunin, ya ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar gwamnatin Najeriya mai kula da inshorar ma'aikata, kuma haramun ne a cire shi daga albashinka. Daga nan ake biyan magani da diyyar nakasa.

Ka sanar da kamfanin a rubuce cikin kwana 14 da faruwar hatsarin, ka riƙe kwafi, don maganar baki saurin ɓacewa gare ta. Takardun asibiti, har rasit ɗin bandeji, adana su. Ka shigar da buƙatarka ofishin NSITF kafin hatsarin ya cika shekara. Kuma kar ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba.