Filin Tambaya da Amsa: Chuni Goswami da Ƙwallon Ƙafar Yankin Bengal

Wasiƙu huɗu muka ware wa filinmu na wannan fitowa, domin ko da yake daga hannu daban-daban suka fito, a kan magana guda suka haɗu, wato tarihin ƙwallon ƙafa a yankin Bengal, wanda a yau ya rabu tsakanin jihar Bengal ta Yamma da ke Indiya da kuma ƙasar Bangladesh.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam Edita, na ji a wani shirin wasanni ana cewa akwai lokacin da Indiya ta yi zarra a ƙwallon ƙafa a nahiyar Asiya, a ƙarƙashin jagorancin wani ɗan Bengal mai suna Chuni Goswami. Ni dai da wasan kurket na san Indiya. Shin da gaske ne, kuma wane ne wannan mutumin?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Da gaske ne, Malam, babu ƙari a cikin abin da ka ji. Sunansa na asali Subimal Goswami, amma laƙabin Chuni ne ya bi shi har ya danne sunan. An haife shi ranar 15 ga Janairun 1938 a garin Kishoreganj, wanda a wancan zamani yake gabashin lardin Bengal a ƙarƙashin mulkin Turawan Birtaniya, yau kuwa yana cikin Bangladesh. A birnin Kalkata ya tashi, wanda yanzu ake kira Kolkata, kuma yana ɗan shekara 8, a 1946, ya shiga rukunin yara na ƙungiyar Mohun Bagan. A 1954 aka ɗauke shi zuwa rukunin manya, bai kuwa sa rigar wata ƙungiya ba har ya yi ritaya a 1968. Shekara 22 ke nan a gida ɗaya.

Ɗan wasan gaba ne da ke kutsawa ta ɓangaren hagu, kuma waɗanda suka gan shi a fili sun haɗu a kan cewa gwanin yanka ne wanda ƙwallo ke yi wa biyayya a ƙafa. Amma ba shi kaɗai ya ɗauki kayan ba. Su uku ne ake ambata tare kamar duwatsun murhu: shi, da P.K. Banerjee, ɗan Bengal mai bugawa ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Eastern Railway, da Tulsidas Balaram, wanda ya fito daga Secunderabad ya yi suna a ƙungiyar East Bengal ta Kalkata. Mai horar da su kuwa shi ne Syed Abdul Rahim, malamin makaranta daga Hyderabad, wanda ya gina ƙungiyar ƙasar a kan gajeren fasin da saurin musayar wuri. Su ne suka je gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, inda suka tashi kunnen doki 1-1 da Faransa, Banerjee ne kuma ya ci wa Indiya.

Abin da ka ji ana magana a kansa shi ne Gasar Wasannin Asiya ta 1962 a Jakarta, wadda Chuni ya je a matsayin kyaftin. Ba da ƙafar dama suka fara ba, domin Koriya ta Kudu ta doke su da ci 2-0 a wasan farko. Daga nan suka farfaɗo, suka lallasa Tailan 4-1, suka doke Japan 2-0, sa'annan a wasan kusa da na ƙarshe suka fitar da Biyetnam ta Kudu da ci 3-2, inda Chuni ya jefa biyu a raga. Sai dai akwai wata wuta da ke ci a wajen fili. Gwamnatin Indonesiya ta hana 'yan wasan Isra'ila da na Taiwan shiga gasar, wani babban jami'in wasanni ɗan Indiya, G.D. Sondhi, ya fito fili ya soki matakin, sai mutanen gari suka huce a kan duk wanda ya sa rigar Indiya. Saboda haka ranar 4 ga Satumba, da suka sake haɗuwa da Koriya a wasan ƙarshe, 'yan kallo wajen dubu ɗari ne suka cika filin Senayan, kusan dukkansu suna yi wa Indiya ihu. Jarnail Singh, wanda ɗan wasan baya ne, yana ɗauke da ɗinki a ka tun wasan Tailan, don haka Rahim ya tura shi gaba inda ba sai ya yi ta sa wa ƙwallo kai ba. Banerjee ya ci ta farko, Jarnail ya ƙara ta biyu, aka tashi 2-1, Indiya ta ɗauki lambar zinare. A ganinmu wannan ita ce rana mafi girma a tarihin ƙungiyar ƙasar, domin ba Koriya kaɗai suka doke ba, har da tsoron da filin ke sa wa baƙo.

A 1964 ya sake jagorantar ƙasarsa zuwa matsayi na biyu a gasar cin Kofin Asiya da aka yi a Isra'ila, daga nan ya bar bugawa ƙasa bai kai shekara talatin ba. Wani abin mamaki, Malam, shi ne kurket ɗin da ka san Indiya da shi ma bai bar shi ba. A 1966 yana cikin haɗakar 'yan wasan shiyya da suka kayar da tawagar West Indies a Indore, inda ya fitar da mutum takwas da jifarsa, kuma a kakar 1971-72 ya ja ragamar Bengal har wasan ƙarshe na Kofin Ranji, babbar gasar kurket ta cikin gida a Indiya, suka sha kashi a hannun Bombay. Ya karɓi lambobin yabo na gwamnatin Indiya, ta Arjuna a 1963 da ta Padma Shri a 1983, ya kuma zama daraktan farko na makarantar koyon ƙwallo ta Tata a Jamshedpur. Ya rasu ranar 30 ga Afrilun 2020, kwana 41 bayan rasuwar abokinsa Banerjee.

TAMBAYA: Malam, me ya sa a duk faɗin Indiya sai Bengal ce ta rungumi ƙwallon ƙafa haka, kuma mene ne asalin gabar da ke tsakanin Mohun Bagan da East Bengal?

AMSA: Malama, tambayarki ce ta taɓa tushen maganar. Kalkata ita ce fadar mulkin Birtaniya a Indiya har zuwa 1911, cike take da sojoji da ma'aikatan kamfanoni, kuma a wani makeken fili da ke tsakiyar birni, wanda ake kira Maidan, suke buga ƙwallonsu 'yan gari na kallo. Ba a daɗe ba ɗaliban kwalejoji suka karɓe wasan. Aka kafa Mohun Bagan a 1889, Mohammedan Sporting a 1891, hukumar ƙwallo ta IFA da gasarta ta cin garkuwa a 1893, sa'annan gasar lig ta Kalkata a 1898, wadda ke cikin mafi daɗewa a Asiya. Turawa sun daɗe suna yi wa mutanen Bengal kallon ragwaye marasa ƙashi, saboda haka fili ya zama wurin da ake iya ture Bature da kafaɗa ba tare da an kai mutum kurkuku ba.

Ranar 29 ga Yulin 1911 abin ya kai ƙololuwa, sa'ad da Mohun Bagan ta doke ƙungiyar sojojin East Yorkshire da ci 2-1 a wasan ƙarshe na Garkuwar IFA. Mutum goma cikin sha ɗaya ƙafa ba takalmi suka buga, kyaftin Shibdas Bhaduri ya farke ƙwallon da aka fara ci musu, Abhilash Ghosh ya ci ta nasara. Wannan ya zo ne a daidai lokacin da jama'a ke cike da fushin raba lardin Bengal da Turawa suka yi a 1905, don haka ba a ɗauke shi a matsayin wasa kawai ba. Har gobe ƙungiyar na bikin wannan rana kowace shekara. Kada kuma a manta da Mohammedan Sporting, wadda ita ce ƙungiyar 'yan ƙasa ta farko da ta ci lig ɗin Kalkata, ta kuma ci shi sau biyar a jere daga 1934 zuwa 1938, sa'annan ta ɗauki Kofin Durand a 1940. Ɗaya daga cikin 'yan wasanta, Mohammed Salim, ya buga wa Celtic ta Sikotland wasannin gwaji a 1936, ƙafarsa naɗe da bandeji kawai.

Gabar da kika tambaya kuwa ta asali ce. Mutanen yammacin Bengal, 'yan gari, ana ce musu Ghoti, waɗanda suka taso daga gabas kuma Bangal, kuma 'yan gari sun saba raina harshensu da ƙauyancinsu. A 1920 wata ƙungiya mai suna Jorabagan ta ajiye ɗan wasanta Sailesh Bose a benci, mutanen gabas suka ga wariya ce, suka fice suka kafa East Bengal. Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, miliyoyin Hindu suka tsallako daga gabas ba gida ba gona, sai rigar East Bengal mai launin ja da ruwan zinare ta zama musu tutar da ta rage. Har a kasuwa abin yake nunawa: idan East Bengal ta yi nasara kifin ilish ake rububi, idan Mohun Bagan ce sai jatan lande.

A nan ne labarin Chuni yake ƙara armashi. Bisa asali shi ɗan gabas ne, wato Bangal, amma ya zama fuskar ƙungiyar 'yan gari, ya riƙe mata amana tun yana yaro har ya tsufa. Wannan na nuna cewa layin da magoya baya suka shata bai taɓa ɗaure 'yan wasa kamar yadda ya ɗaure 'yan kallo ba. Ita kuwa hamayyar ta haifi abin alfahari, ta kuma haifi abin kuka. A 1975 East Bengal ta zuba wa Mohun Bagan 5-0 a wasan ƙarshe na Garkuwar IFA. Ranar 16 ga Agustan 1980 mutum 16 suka rasa rayukansu a turmutsitsin da ya ɓarke a filin Eden Gardens, shi ya sa magoya baya ke ba da gudummawar jini a wannan rana don tunawa da su. A 1997 kuma fiye da mutum 131,000 suka shiga filin Salt Lake, suka ga Bhaichung Bhutia ya ci uku shi kaɗai a wasan da East Bengal ta yi nasara 4-1.

TAMBAYA: Gaskiya ne an hana Indiya buga Kofin Duniya na 1950 saboda 'yan wasanta ba sa sa takalmi?

AMSA: Ɗan'uwa, labarin ya yaɗu, amma masana tarihin wasan ba su tsaya a kansa ba. Gaskiya ne da yawa daga cikinsu ba takalmi suka buga Olamfik ɗin Landan a 1948, inda Faransa ta sha da ƙyar da ci 2-1, kuma gaskiya ne Indiya ta sami gurbi a Barazil bayan abokan rukuninta sun janye. Amma hukumar ƙwallon ƙasar ce da kanta ta ƙi tura tawaga, domin a lokacin Olamfik ta fi daraja a idonta, ga nisan tafiya da ƙarancin lokacin shiri. Kashin da suka sha a hannun Yugoslabiya, 10-1 a Helsinki a 1952, shi ne ya sa aka wajabta takalmi.

TAMBAYA: To Malam Edita, ina wannan ƙarfi ya tafi, kuma yaya ɓangaren Bangladesh?

AMSA: Rahim ya rasu a 1963, shekara guda bayan Jakarta, kuma ba a sami wanda ya gaji tsarinsa ba. Lambar tagulla ta Wasannin Asiya na 1970 ita ce ta ƙarshe da ƙasar ta samu a ƙwallon ƙafa a wannan gasa. Mu a namu nazari, laifin bai tsaya a kan kurket ba, duk da cewa Kofin Duniya na kurket da Indiya ta ci a 1983 ya janye kuɗi da hankalin matasa. Manyan ƙungiyoyin Kalkata sun wadatu da doke juna, 'yan wasa suna aikin banki ko na jirgin ƙasa da safe su je fili da yamma, alhali Koriya ta fara lig ɗin ƙwararru a 1983, Japan a 1993, ita kuwa Indiya ko lig na ƙasa baki ɗaya ba ta kafa ba sai a 1996. Abin takaici ne, domin 'yan kallo ba su taɓa gazawa ba, shugabanni ne suka gaza. Ƙungiyoyin sun koma cike giɓi da baƙi, ciki har da ɗan Nijeriya Chima Okorie, wanda ya bugawa manyan ukun duka, wato Mohun Bagan da East Bengal da Mohammedan Sporting.

A gabas kuwa ƙwallo ta shiga yaƙin neman 'yancin Bangladesh daga Pakistan kai tsaye. A 1971 'yan wasan da suka tsallaka Indiya suka kafa ƙungiyar Shadhin Bangla ƙarƙashin kyaftin Zakaria Pintoo, suka yi ta zagayawa suna wasanni don tara wa masu fafutuka kuɗi. Cikinsu akwai matashi Kazi Salahuddin, wanda ya zama tauraron ƙungiyar Abahani ta Dhaka, ya buga a Hong Kong, daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon Bangladesh daga 2008 zuwa 2024. Dhaka ma tana da nata wasan hamayya tsakanin Abahani da Mohammedan ta birnin, kuma ƙasar ta ci kofin kudancin Asiya a 2003.

Shi kuwa Chuni, Kalkata ba ta manta da shi ba. Hukumar gidan waya ta Indiya ta fitar da kan sarki mai hotonsa a Janairun 2020 yana raye, kuma a 2023 Mohun Bagan ta sa wa babbar ƙofar harabarta sunansa, ta gayyato Sunil Gavaskar, gwarzon kurket, ya buɗe ta.